'Ya'yan sarautar Ingila da suka mutu suna jiran gado

Baban Amira:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka naɗa Sarki Charles a 2023 ake ta maganar daɗewar da ya yi yana jiran gado, shekara 70 cur. To shi dai ya jira ya samu. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda aka haifa don sarauta, aka rene su don ita, aka yi musu aure don ita, sannan ajali ya riga ta zuwa. Ra'ayina shi ne mutuwar wasunsu ta juya Ingila fiye da mulkin sarakuna da yawa da suka hau suka gama.

Ku ɗauki William, ɗan Sarki Henry na Ɗaya. Shi kaɗai ne ɗa namiji da sarkin ya samu ta hanyar aure. Daren 25 ga Nuwamba 1120 ya shiga wani jirgin ruwa da ake kira Farin Jirgi a Barfleur, gaɓar Normandy, zai tsallaka Ingila. Shekararsa 17. Matuƙa da fasinjoji sun sha giya sun yi tatul, ga shi suna son su cim ma jirgin sarki da ya riga su tashi. Ba su yi nisa ba suka daki dutse. Aka jefa yariman cikin ƙaramin kwalekwale, har ya kuɓuta, sai ya jiyo kukan 'yar'uwarsa da suke uba ɗaya, ya ce a koma a ɗauko ta. Suna komawa mutane suka yi ta ɗafewa har kwalekwalen ya nutse. Kusan mutum 300 suka halaka, wani mahauci daga Rouen ne kawai ya tsira.

Sarki ya sake aure, bai samu haihuwa ba. Ya sa manyan ƙasa suka yi wa 'yarsa Matilda rantsuwa, amma yana rasuwa a 1135 sai Stephen, ɗan 'yar'uwarsa, ya riga ta hawa. Wannan Stephen ɗin ya shiga Farin Jirgin a daren nan, ya sauka kafin a tashi. Aka yi ta yaƙin basasa har 1153. Buguwar dare ɗaya ta jawo wa talakawa wahalar kusan shekara ashirin. Me kuka gani?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam Baba. Ni wanda na sani a cikinsu shi ne Edward, wanda ya zo Kano a 1925 aka yi masa hawan daba zamanin Sarki Usman. Tsofaffinmu sun daɗe suna ba da labarin taron nan. Shi ma ai bai hau ba, ya bar sarauta saboda mace.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Ɗan Birni, Edward ya hau. Ya zama sarki ranar 20 ga Janairu 1936 da mahaifinsa George na Biyar ya rasu, ya yi murabus ranar 11 ga Disamba na shekarar, don ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da aurenta na fari ya mutu, na biyun ma yana kan hanyar mutuwa. Shi ya sa ake ce masa Edward na Takwas. Bikin sa kambi ne kawai ba a yi masa ba.

Ɗan Birni:
To ƙanwata, mutumin da ba a naɗa ba sarki ne? Ni a wurina sai an yi naɗi.

Ɗalibar Tarihi:
A dokarsu babu tazara. Numfashin sarki na fita, magaji ya zama sarki, ko yana barci ko yana wata ƙasa. Elizabeth tana Kenya ta zama sarauniya a Fabrairun 1952, ba a sa mata kambi ba sai Yunin 1953. Cikin watannin nan wa ke mulki in ba ita ba? Edward ya sa hannu a takardun gwamnati, ya buɗe majalisa, har takardar murabus ɗinsa sai da ya amince da ita a matsayin sarki kafin ta zama doka.

Ɗan Birni:
Dokarsu ce, na ji. Amma har gobe ina ganin sarautar da ba ta kai ga taron jama'a ba da saura.

Malam Mai Allo:
Baban Amira, ina jin tsoron irin wannan zance na "da wane bai mutu ba da kaza ya faru". An hane mu da buɗe wannan ƙofa. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so, yana karɓewa daga wanda ya so. Yaron nan ba a rubuta masa sarauta ba tun yana ciki, ko jirgi ya nutse ko bai nutse ba.

Baban Amira:
Allah ya gafarta Malam, ban yi jayayya da ƙaddara ba, kuma ba na cewa da ya rayu da an ji daɗi. Abin da nake bi shi ne sababi. Jirgi ya nutse saboda an ba matuƙa giya, ƙasa ta shiga yaƙi saboda an ɗora zaman lafiyarta kacokan a kan ran yaro ɗaya. Duba wannan ai neman izina ne.

Malam Mai Allo:
In dai a nan aka tsaya, babu laifi. Ci gaba muna ji.

Bakatsine:
Ni inda nake da ja daban ne. Mutane suna son wanda bai hau ba saboda bai samu damar ɓata musu rai ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga Edward da ake kira Baƙin Yarima, ɗan Edward na Uku. Yana da shekara 16 ya yi yaƙin Crécy a 1346, bayan shekara goma ya kama Sarkin Faransa John na Biyu da hannu a Poitiers. Turawan Ingila har yau suna zuwa kallon kabarinsa a Canterbury. Amma shi an ɗan gwada shi. Da uban ya ba shi riƙon Aquitaine a kudancin Faransa, ya kwashi runduna ya tafi yaƙin Sifaniya da ba nasa ba, ya dawo da bashi da ciwo, ya ɗora wa mutane harajin gida-gida har manyan ƙasar suka kai ƙararsa wurin sarkin Faransa. A 1370 ya afka wa garin Limoges da ya juya masa baya. Wani marubucin zamanin ya ce an kashe mutum 3,000, masana na yanzu suna ganin ɗaruruwa ne, amma ko ɗaruruwan ne ai rayuka ne. Ya mutu a Yunin 1376, shekara guda kafin mahaifinsa. Gwarzon fagen fama ne, babu shakka. Iya mulki kuwa, abin da muka gani a Aquitaine ba ya nuna haka.

Haka Henry Frederick, ɗan James na Ɗaya, da zazzaɓi ya kashe a 1612 yana da shekara 18. Saboda ƙaninsa Charles ya yi rigima da majalisa har aka sare masa kai a 1649, sai kowa ke cewa ai da Henry ne da ba a yi haka ba. Da me aka sani? Yaron da bai taɓa neman kuɗi wurin majalisa aka hana shi ba?

Baban Amira:
Bakatsine, ka yi gaskiya a kan yabon, amma ka ƙarfafa mini hujja. Ban ce nagari ne ba. Baƙin Yarima ya mutu, sarauta ta faɗa kan ɗansa Richard mai shekara 10, baffanninsa na kewaye da shi kowa da burinsa. A 1399 ɗan baffansa ya tuɓe shi. Daga wannan tuɓewar ne aka shuka rigimar gidajen Lancaster da York da ta zo ta ci rayuka daga baya. Har wani mai jiran gadon ta ci, Edward ɗan Henry na Shida, wanda aka kashe a Tewkesbury a 1471 yana ɗan shekara 17.

Maman Khalifa:
Sannunku da muhawara. Duk maza kuke ta lissafawa. Ni ungozoma ce, kuma a cikin labaran nan babu wanda ke taɓa ni kamar na Gimbiya Charlotte.

Ita kaɗai ce 'yar Yarima George, wanda daga baya ya zama George na Huɗu. Iyayenta ba sa ga maciji, tun tana jaririya suka rabu, ta tashi ana ja-in-ja a kanta. Uban ya so ta auri yariman Holan, ta ƙi, ta tsaya kai da fata sai Leopold, wani ɗan sarautar Jamus da ba shi da dukiyar kirki. Aka yi auren a 1816. Jama'a sun gaji da kakanta da ya samu taɓin hankali da ubanta mai almubazzaranci, duk fatansu yana kanta.

Da ta samu ciki, likitocin zamanin suka riƙa zubar mata da jini suna rage mata abinci, wai don kada ɗan ya yi girma. Ku ji fa. Mace mai ciki da ke buƙatar jini ita ake cire wa jini. Ta yi naƙuda kusan awa 50 a gidansu na Claremont. Akwai ƙarfen da ake jawo jariri da shi a lokacin, likitan bai yi amfani da shi ba. Ta haifi ɗa namiji babba, ba rai. Bayan 'yan awoyi ta fara amai da sanyin jiki, kafin asubar 6 ga Nuwamba 1817 ta cika. Shekararta 21. Bayan wata uku likitan, Richard Croft, ya harbe kansa.

Duk lokacin da aka kawo mana mace ta kwana biyu tana naƙuda a gida, an jira har ta galabaita, wannan yarinya nake tunawa. Jikar sarki ce, kuɗi da likitoci duk akwai, doguwar naƙuda ba ta duba wannan ba.

Ɗan Damagaram:
Allahu akbar. Hajiya, Allah ya saka muku da alheri kan aikin da kuke yi. To wa ya gaje ta?

Maman Khalifa:
Amin ɗana. Nan ne abin ya zama abin mamaki. Kakanta George na Uku ya haifi 'ya'ya 15, amma ranar da Charlotte ta mutu ba shi da jika ko ɗaya na aure. Sai baffanninta, dattawa masu shekara kusan hamsin, suka shiga neman aure da gaggawa. Uku suka yi aure a 1818. Ɗayansu, mai sarautar Kent, ya rabu da matar da ya zauna da ita shekara 27 ba aure, ya auri 'yar'uwar Leopold ɗin nan. A Mayun 1819 aka haifi Victoria. Uban ya mutu tana wata takwas, shi ma bai ga sarauta ba. Ita ta hau a 1837, ta yi shekara 63.

Baban Amira:
Kun gani ko? Da sunan wannan Victoria ɗin Lugard ya ɗaga tuta a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900.

Bakatsine:
Baba, a nan kam ban yarda ba. Ko Charlotte ce ke kan gado, 'yan kasuwa da majalisa ne suka kawo Turawa bakin Kwara, manja da gasa da Faransa suka kawo su. A ƙarni na 19 sarauniya ba ita ke yanke inda za a ci da yaƙi ba. Sunan da ke kan takarda ne kawai zai canza.

Baban Amira:
A kan ƙarni na 19 kana da hujja mai ƙarfi, ikon sarki ya riga ya ragu. Koma baya ƙarni uku ka gani ko za ka iya faɗin haka.

Ɗalibar Tarihi:
Bari in tari numfashin Baba, don na san Arthur yake nufi.

Henry na Bakwai ya ci sarauta da takobi a 1485, yana neman manyan gidajen Turai su yarda da shi. Sai ya nema wa babban ɗansa Arthur auren Catherine, 'yar Ferdinand da Isabella na Sifaniya. Aka ɗaura a Landan a Nuwamban 1501, ango na da shekara 15, amarya ta kusa 16. Aka tura su Ludlow, kan iyakar Wales. Dukansu suka kwanta ciwo, ita ta tashi, shi ya mutu ranar 2 ga Afrilu 1502. Auren bai cika wata biyar ba.

Catherine ta zauna a Ingila shekara bakwai, ba ta koma gida ba, ba a yi mata aure ba, saboda surukinta da mahaifinta suna jayayya kan ragowar dukiyar auren. Har kayanta ta riƙa sayarwa don ta ciyar da masu yi mata hidima. Paparoma ya ba da izini ta auri ƙanin mijinta, kuma da ƙanin ya hau a 1509 a matsayin Henry na Takwas ya aure ta. Sun haifi ɗa namiji a 1511, ya yi kwana 52 ya koma. Mary ce kaɗai ta rayu.

Bayan kusan shekara ashirin Henry ya ce Allah ne ke hukunta shi saboda ya auri matar ɗan'uwansa. Catherine ta durƙusa gabansa a kotu a 1529 ta rantse cewa Arthur bai taɓa kusantarta ba. Paparoma ya kasa raba auren, don a lokacin yana ƙarƙashin ikon Sarki Charles na Biyar mai mulkin Sifaniya da Jamus, wanda Catherine ƙanwar mahaifiyarsa ce. Sai Henry ya ɓalle, a 1534 majalisa ta ayyana shi shugaban cocin Ingila. Cocin Anglika da muke gani a garuruwanmu daga nan asalinsa ya faro.

Malam Mai Allo:
Ikon Allah. Mu a shari'a mace ta gama takaba, ɗan'uwan mijin yana iya nemanta kamar kowa, in ta yarda. Sau da yawa ma don marayu ake yi. Ashe su har ƙasa ta rabe a kan wannan.

Bakatsine:
Rabewar ba a kan wannan kaɗai ba ce Malam. Martin Luther, malamin coci da ya yi wa Paparoma tawaye, ya fara nasa a Jamus tun 1517, littattafansa suna shigowa Ingila a ɓoye. Gidajen ibada na Katolika suna riƙe da filaye masu yawa da sarki da manya ke haɗiyar yawu a kai. Scotland ta bar Paparoma a 1560 ba tare da wani rikicin aure ba. Ko Arthur ya rayu, guguwar tana tafe.

Ɗalibar Tarihi:
Guguwar ta je Faransa ma, aka yi yaƙi shekara da shekaru, ƙasar ta tsaya a Katolika saboda gidan sarauta ya tsaya. Henry kansa ya rubuta raddi ga Luther a 1521 har Paparoma ya ba shi laƙabin mai kare addini. Ba aƙida ce ta fitar da shi ba, neman ɗa namiji ne. Sarki Arthur mai mata 'yar Sifaniya ba shi da wannan dalilin.

Ɗan Damagaram:
Ni abin da na lura, matsalar tsarin ce. Sun ce lallai sai babban ɗa, ko jariri ne. Henry na Shida yana wata tara aka ce shi ne sarki. Inda ake da masu zaɓen sarki, in babban ɗa ya rasu sai a duba cikin 'yan'uwa a ɗauki wanda ya isa. Ba a ɗora ƙasa kan ran mutum ɗaya.

Ɗan Birni:
Ɗan'uwa, zaɓen ma yana da nasa. Mu Kanawa mun san Basasa. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ce ba su yarda ba, suka fita Takai tare da Yusufu. Shi Yusufun da aka yi yaƙin dominsa ya rasu a hanya bai shiga Kano ba, ƙaninsa Alu ne ya hau. Inda kowane ɗan sarki ke ganin yana iya samu, takobi ba ya nisa. Turawan sun zaɓi a san magaji tun ranar suna don gudun wannan.

Baban Amira:
Sanin magaji tun ranar suna shi ma yana haifar da wani ciwon, uba ya riƙa kallon ɗansa kamar mai ƙirga masa kwana. Babu misalin da ya kai Frederick, ɗan George na Biyu. Yana shekara 7 iyayensa suka tafi Ingila a 1714 suka bar shi a Hanover ta Jamus, ba su sake sa shi a ido ba sai bayan shekara 14. Da ya iso sun riga sun saba da ƙannensa, shi ya zama baƙo. Uwa ba ta son ganinsa, uba ya ƙuntata masa kuɗi, shi kuma ya mai da gidansa matattarar 'yan adawa. A 1737 matarsa Augusta ta fara naƙuda a fadar Hampton Court, ya ɗauke ta cikin dare a keken doki zuwa Landan don kada iyayensa su halarci haihuwar. Sarki ya kore shi daga fada. Watanni kaɗan bayan nan uwar ta kwanta ciwon ajali, ya nemi ya gan ta, aka hana shi. Ya mutu a 1751 yana da shekara 44, uban ya ƙara shekara tara a kan gado. Wannan labarin yana ba ni tausayi ƙwarai, yaron da aka yasar sannan aka zarge shi da rashin biyayya.

Maman Khalifa:
Baba, tausayinsa na nan, amma ɗaukar mace mai naƙuda a keken doki cikin dare don ka ɓata wa uwarka rai zalunci ne. Da jini ya ɓalle mata a hanya fa? Rigimarsa da iyayensa bai kamata ta biya ba.

Malam Mai Allo:
Akwai wanda na taɓa ji an ce an hana shi sarauta saboda addininsa. Waye shi?

Ɗalibar Tarihi:
James Stuart ne, Malam. An haife shi a Yunin 1688, ɗan Sarki James na Biyu, ɗan Katolika. Haihuwarsa ce ma ta tayar da hankalin manyan ƙasa, har aka baza jita-jitar cewa ba sarauniya ta haife shi ba, shigo da shi aka yi. Kafin shekarar ta ƙare an kori uban, uwar ta gudu da jaririn Faransa. A 1701 majalisa ta yi dokar da ta haramta wa ɗan Katolika sarauta, ta tsallake dangi sama da 50 ta ɗauko Sophia ta Hanover, jikar James na Ɗaya. Sophia ta rasu a Yunin 1714 tana da shekara 83, Sarauniya Anne da ke kan gado ta bi ta ranar 1 ga Agusta, ko wata biyu ba a yi ba. Ɗan Sophia ne ya hau, George na Ɗaya.

Shi James, magoya bayansa a Landan sun aika masa cewa in ya bar Katolika hanya za ta buɗe. Ya ƙi. Ya ƙare rayuwarsa a Roma, ya mutu a 1766. Har yau ɗan Katolika ba ya hawa gadon Birtaniya. Gyaran da aka yi a 2013 ya ba magaji damar auren 'yar Katolika ne kawai, ya kuma daina fifita ɗa namiji a kan yayarsa mace.

Malam Mai Allo:
To wannan na girmama shi. Addininmu ba ɗaya ba, amma mutumin da aka miƙa wa ƙasa uku a kan ya bar abin da ya yi imani da shi ya ce a'a, ba ƙaramin mutum ba ne.

Bakatsine:
Malam, a haɗa da ɗaya ɓangaren. A 1715 mutanen tsaunukan Scotland suka ɗauki makami dominsa. Bai iso ba sai Disamba, bayan an riga an gwabza a Sheriffmuir. Ya yi 'yan makonni, a Fabrairu ya shiga jirgi ya koma Faransa, ya bar waɗanda suka fito dominsa, aka rataye wasu, aka kwashe wasu zuwa Amurka, aka ƙwace filayen iyalansu. Bayan shekara 30 ɗansa Charles ya sake gwadawa, aka ƙare a Culloden a 1746, aka bi ƙauyuka ana ƙonawa. Shi yana Roma Paparoma na biyansa kuɗin cefane. Imaninsa ya riƙe, ban musa ba, amma talakawan Scotland ne suka biya kuɗin sarautar da yake nema, sau biyu.